Ba Su Kira Ba

Kowa a layin Injiniya yake ce masa, duk da bai taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba. Firiji yake gyarawa, da firiza, da na'urar sanyaya ɗaki idan aiki ya yi ƙaranci. Shagonsa rumfar kwano ce a bakin titi, cike da gawarwakin firiji marasa ƙofa, shi kuma kullum yana tsugune a tsakaninsu da filaya a aljihun baya. Mutum ne mai hannu, wannan ko maƙiyinsa ba zai ƙwace masa ba. Illarsa ɗaya ce: idan ya fahimci abu a sana'arsa, sai ya ɗauka duniya ma haka take tafiya.

Babban abin da sana'ar ta koya masa kuwa shi ne, mai kaya ba ya kira don ya yi godiya. Idan ka gyara wa mutum firiji ka ji shiru, to firijin yana aiki. Wayar Injiniya ba ta ƙara sai ruwan wani ya ƙi sanyi ko naman wata ya fara wari. Don haka a wurinsa shiru albishir ne, kuma ya sha faɗa wa mai facin da ke maƙwabtaka da shi haka, har mai faci ya haddace.

Matarsa ita ce ƙarama a gidansu, don haka kowa Auta yake ce mata, har shi. Sun daɗe da aure babu haihuwa, daɗewar da har dangi suka gaji da tambaya suka koma kallo. An je asibiti, an sha magani, an yi kuka a ɓoye, an haƙura. Sai da suka daina lissafi sannan cikin ya zo. Ranar da aka tabbatar musu, Injiniya ya rufe shago da rana tsaka, abin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi ya yi ba.

Da Auta ta dawo daga awon farko, sai ga ta da wata 'yar roba mai jan murfi a cikin leda.

"Wannan kuma ta mece ce?" in ji shi.

"Ta fitsari ce." Ta rufe baki tana dariya. "An sa ni cikin wani bincike. Ka ga matarka ta zama babbar mace."

Ta zauna ta yi masa bayani yadda ta ji daga bakin Sista, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da masu awo. Akwai wani ciwon suga da ke kama mace saboda ciki kawai. Ba ya sallama, ba ya ciwo, kuma yawanci ba a gane shi sai ciki ya kai wata shida. Idan aka bar shi, jariri yakan yi girman da ya wuce kima, wani lokacin ma ya mutu a ciki. To su masu binciken suna neman alamarsa a fitsari tun ciki yana ƙarami, kafin ya fara ɓarna. Da ta zo nan sai muryarta ta yi ƙasa, domin mahaifiyarta da ciwon suga ta tsufa, kuma Auta ce ta yi jinyar ƙafarta har aka yanke yatsu.

Injiniya kuwa abin ya yi masa daɗi ƙwarai.

"Ai wannan shi ne aiki!" ya ce. "Abin da nake gaya wa mutane kenan kullum. Ku kawo a duba tun kafin ya lalace, ba sai ya ƙone ba ku zo kuna yi mini ihu."

Shi ya ɗauki nauyin kai robar. Fitsarin farko na safe ake so, don haka Auta za ta cika ta rufe, shi kuma ya naɗe ta a tsumma mai tsabta, ya sa a aljihun gaba, ya hau babur yana kauce wa ramuka kamar wanda ya ɗauko ƙwai. A bayan asibitin akwai wani ɗan gini mai taga ɗaya. Nan yake miƙawa, a manna lamba a jikin robar, a ce an gode. Mai faci ya gano, ya kuma samu abin yi. Duk safiyar da ya hango shi sai ya ɗaga murya: "Injiniya, a yi a hankali da kayan Madam, kar ya zube!" Injiniya ya ce ya ji, ai ba kowa Allah ya ba irin wannan dakon ba.

Ya kai a wata na biyu, ya kai a na uku da na huɗu, daga nan aka ce ya isa. Bai taɓa tsayawa a tagar nan ya tambayi abin da ake yi da robar bayan ya juya baya ba. Mutumin da ya riga ya sani, me zai tambaya? Ya dai tabbatar suna da lambar wayar Auta, ya kuma hana ta barin wayar babu caji. Ba su kira ba.

A wata na shida aka ce ta zo gwajin suga na masu ciki. Wannan gwajin ba ya da daɗi ko kaɗan. Mace za ta zo ba ta karya ba, a ɗebi jininta, a ba ta kofi cike da ruwan suga mai kauri ta shanye, sannan ta zauna a benci awanni ana dawowa ana ɗiban jini. Auta ta shanye, ta zauna, cikinta ya juya, ta amayar da shi duka a gaban mutane. Sista ta share mata baki, ta ce babu komai, amma gwajin ya lalace, sai ta sake dawowa wata rana.

Ta dawo gida fuska a koɗe, ta kwanta a kan doguwar kujera ko takalmi ba ta cire ba. Da Injiniya ya ji labari sai ransa ya ɓaci. Ya cire mata takalmin, ya kawo ruwa, ya tsaya a kanta yana faɗa da mutanen da ba sa wurin.

"Wace irin wahala ce wannan? Mace da ciki a hana ta abinci, a ɗura mata suga? Babu inda za ki koma. Sau nawa na kai musu fitsarinki da hannuna? Mutanen da ke ganin ciwon tun ciki yana wata biyu! Da akwai wani abu ai da tuni sun kira. Sun kira?"

"Ba su kira ba," in ji Auta.

"To shi kenan. Lafiyarki ƙalau, ke da yarona."

Ta kalle shi, ta ɗan yi murmushi, ta lumshe ido. Ba ta koma ba. Duk awon da ta je Sista sai ta tuna mata, ita kuma ta ce wani satin in Allah ya yarda. Masu awo suna da yawa, Sista ɗaya ce, layin kuma ba ya jira.

Cikin ya yi ta girma, girma na ban mamaki. Auta ta koma shan ruwa kamar raƙumi, tana kuma zaryar banɗaki. Yayarta da ke zuwa taya ta wanki ta dubi cikin ta ce, "Anya ba biyu ba ne? Kuma wannan ƙishin naki bai yi mini ba." Injiniya yana bakin ƙofa yana goge babur ya amsa mata: "Yaya, kwantar da hankalinki. Wannan cikin an gwada shi fiye da kowane ciki a unguwar nan. Ƙato ne kawai, ya biyo babansa." Yaya ta ce wane baban, wannan da iska ke ɗauka? Aka yi dariya, maganar ta wuce. Ya kawo wani tsohon ƙaramin firiji daga shago ya gyara ya ajiye mata kusa da gado, don kada ta riƙa tashi neman ruwan sanyi.

Cikin yana farkon wata na tara aka kira shi aiki wata safiya. Daga asibiti ne, kuma da ya isa sai aka zagaya da shi baya, har ɗan ginin nan mai taga ɗaya. Bai taɓa shiga ba. Ciki ɗaki ne mai tsabta da sanyi, da dogayen tebura da kwalabe, a ƙurya kuma ga wata firiza da ta fi shi tsawo tana ta ƙara tit-tit-tit ba ƙaƙƙautawa. Mai kula da ɗakin, wani dogon mutum mai tabarau, ya tarye shi da zufa a goshi. Ya ce masu kamfanin da suka kawo firizar suna nesa, ba za su iso yau ba, sanyin kuma raguwa yake yi. A taimaka a duba ko abin da za a iya yi ne.

Injiniya ya tsuguna ya buɗe ƙasan, ya haska. Fankar da ke hura wa injin iska ce ta cije. Ya ce wannan mai sauƙi ne, a ba shi ɗan lokaci. Mai tabarau ya yi ajiyar zuciya, ya sa manyan safar hannu, ya ce bari ya rage kaya ya mayar ƙaramar firiza kafin nan. Ya buɗe ƙofa, wani farin hayaƙin sanyi ya gangaro ƙasa ya lulluɓe gwiwoyin Injiniya. Ciki akwatuna ne jere, daga sama har ƙasa. Murfin ɗaya ya zame, sai ga ƙananan kwalabe birjik, kowacce da lamba, kowacce da wani abu rawaya a daskare.

"Malam, wannan fa?"

"Fitsarin masu ciki ne. Na binciken suga."

Injiniya ya washe baki. "Ashe nan yake ƙarewa! Ai har da na iyalina a ciki. Wato bayan kun gwada ma ba kwa zubarwa?"

"Ai ba a gwada ba tukuna," in ji mai tabarau, yana ta jera akwatuna bai ko ɗago ba. "Tarawa muke yi. Sai duk matan sun haihu, an san wadda ta kamu da wadda ba ta kamu ba, sannan a narkar da su gaba ɗaya a kwatanta, a ga ko akwai bambanci. Ƙila baɗi, ƙila ma gaba. Shi ya sa ka ga hankalina ya tashi. Idan suka narke yanzu, wahalar shekaru ta tafi a banza."

"Ba a gwada ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya. Mu kanmu ba mu san alamar ba tukuna, ita muke nema. Wanda ke nuna wa mace halin da take ciki shi ne na wata shida, na ruwan suga." Sai a lokacin ya ɗago. "Madam ai ta yi nata ko?"

Injiniya ya ajiye filaya a ƙasa a hankali, ya miƙe, ya fita waje. Ya ciro waya ya kira Auta.

"Injiniya, lafiya? Ka karya kuwa kafin ka fita?"

"Yaron fa? Yana motsi?"

"Tun jiya da rana ya yi lamo. Yaya ta ce idan sun girma wurin yakan yi musu kaɗan, sai su rage."

"Ki shirya. Ga ni nan."

Ya bar jakar kayan aikinsa a buɗe a gaban firizar. Bai san yadda ya isa gida ba, bai san yadda ya tsayar da tasi ba. A cikin motar Auta ta ɗora hannunsa a kan cikin tana cewa ya kwantar da hankalinsa, rigima ce kawai irin ta 'yan gata. Shi kuwa yana danna tafinsa yana roƙon Allah ko shuri ɗaya ne, ko ɗan ƙarami. Cikin yana da ɗumi, yana da tauri, babu abin da ya amsa masa.

A asibiti Sista ta sa abin sauraro a nan, ta matsar da shi can, ta sake matsarwa. Sai ta ce bari ta kira Likita. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta shafa mai a cikin ta ɗora na'urar hoto, ta daɗe tana kallo. Injiniya ya san wannan kallon, domin shi ma yana yin sa idan ya kanga kunne a jikin inji ya ji babu komai, yana neman yadda zai gaya wa mai kaya. Likita ta ajiye na'urar, ta riƙe hannun Auta, ta ce, "'Yar'uwa, sai haƙuri. Zuciyar ta tsaya."

Auta ba ta yi ihu ba. Ta ce, "A sake dubawa." Aka sake.

Yaron ya yi girman da ba zai fito da kansa ba, sai aiki aka yi mata. Aka kawo wa Injiniya shi a naɗe cikin farin zane, a wani ɗan ɗaki kusa da ɗakin tiyata. Namiji ne, ƙato, da kumatu, da gashi baƙi wuluk a kwance, da farata ƙanana cikakku. Babu abin da ya rage a jikinsa. Injiniya ya riƙe shi yana jin nauyinsa a hannu, nauyin da ya yi shekaru yana jira, ya yi kuka irin wanda ba ya fitar da sauti, har Yaya ta zo ta karɓe shi.

A baranda Likita ta same shi. Ta ce sugan Auta ya hau sosai, amma sun fara shawo kansa. Ta tambaya ko an yi gwajin wata shida. Ya ce an fara, ba a ƙarasa ba. Ta gyaɗa kai.

"Likita, da an yi... da ya rayu?"

"Malam, ba zan iya rantse maka ba. Wani lokacin ana yin komai kuma a rasa." Ta ɗan tsaya, don ba mai ƙarya ba ce. "Amma da mun sani, da mun sa ido, da kuma ba mu bar cikin ya kai haka ba."

Aka kai yaron makwancinsa, uwarsa tana gadon asibiti. 'Yan'uwa suka yi ta zuwa, kowa da kalmarsa ta ban haƙuri. Mai faci ya zo ya zauna a benci bai ce uffan ba, wanda a wurinsa ba ƙaramin abu ba ne. Mai tabarau ma ya zo da jakar kayan aikin, an rufe ta da kyau, ya ce sun samu wani ya canza fankar, ya yi ta'aziyya ya kasa haɗa ido da shi. Injiniya kuwa ya zama ɗan aike na ƙarfi da yaji. Shi ne sayo magani, shi ne ɗebo ruwan zafi, shi ne raka baƙi har bakin titi, duk don kada a bar shi daga shi sai Auta. A zatonsa ita har yanzu tana ganin an gwada ba a ga komai ba, ƙaddara ce kawai ta faɗo. Idan ya yi shiru, za ta rayu da wannan sauƙin. Idan ya faɗa, za ta san cewa mijinta ne ya tsaya a kanta ya hana ta komawa. Tsoro yake ji, kuma kunyar tsoron tana cin sa.

Ana gobe za a sallame ta, da la'asar, Yaya ta tafi gida ɗauko kaya, matar gadon kusa kuma ta yi barci. Rana ta shigo ta taga ta kwanta a kan bargon. Auta tana jingine da filo, ta rame, leɓenta ya bushe. Injiniya ya jawo kujera ya zauna. Ya gwammace ta tsane shi da ya ci gaba da kallon ta haka.

"Auta, akwai maganar da zan gaya miki. Fitsarin nan da na yi ta kaiwa, ba su gwada ba. Na gan shi da idona a daskare, ko buɗewa ba a yi ba. Shi ya sa ba su kira ba. Ni kuma na ce kada ki koma. Ni ne, Auta. Ni na jawo mana."



"Na sani," ta ce.

"Kin san me?"

"Na san ba a gwadawa. Sista ta gaya mana tun ranar da aka ba mu robar, har ta maimaita. Ta ce wannan ba don ku ba ne, don matan da za su zo bayanku ne, kada wadda ta fasa gwajin wata shida."

Ta gyara kanta a kan filon, ta ci gaba.

"Tsoro nake ji, Injiniya. Ba na ruwan sugan ba. Tsoron su ce akwai. Na ga abin da ya yi wa Mama, ni na wanke ƙafar nan da hannuna. Ranar da ka ce lafiyata ƙalau, ka faɗa da ƙarfi, kamar ka gani da idonka. Rabona da in ji daɗi irin na ranar tun kafin cikin. Na san ba haka ba ne, amma sai na ce bari in jingina da naka, ko na sati ɗaya ne. Satin ya wuce na ƙara wani." Hawaye ya gangaro ya shige kunnenta, ba ta share ba. "Duk zaryar nan da kake yi, na ɗauka ka gano ne, ba ka son ganina."

Ya zo ne don ya ɗauke kayan gaba ɗaya ya ɗora a kansa, ashe ita ta daɗe tana ɗauke da su ita kaɗai, tana kallon sa yana wucewa ta bakin ƙofa. Wannan ya fi komai yi masa ciwo. Ya so ya ce ba laifinta ba ne, ya san za ta ce shi ma ba nasa ba ne, kuma babu wanda zai yarda a cikinsu. Sai ya kifa goshinsa a gefen katifar, ita kuma ta ɗora hannu a kansa. Daga ɗakin da ke gaba ana jin jaririn wasu yana tsala kuka.

Can sai ta janye hannun. Ya ɗago ya ga tana kallon ƙirjinta. Gaban rigar ya jiƙe, jiƙon yana ta faɗi.

"Miƙo mini tawul ɗin nan," ta ce. "Nonon ne ya kawo. Shi ba a gaya masa ba."

Ya miƙa mata, ya riƙe mata gefe ɗaya.